Tsakanin jin kai da jin ƙai

A rubuce, ƙugiya ɗaya ce ta raba "jin kai" da "jin ƙai". Yayana ya dawo ƙauyenmu na arewacin Adar daga cin rani a Abijan hannu Rabbana, barci ya ƙaurace masa, kullum yana kiran kansa malalaci. A Tawa na bayyana masa hanyar jinyar damuwa da fargaba ta Paul Gilbert, masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, wadda ke koya wa majiyyaci tausasa harshen da yake yi wa kansa hukunci da shi. Ya ce wannan ai son kai ne. Muna cewa "Allah ya ji ƙansa" ga mamaci. Mu ɗaliban harshe, wane lafazi za mu samar wa mai rai ya ji ƙan kansa ba da kunya ba?