Darasin Famfon Titin Broad

Jama'a, cikin darussan hanyoyin bincike da aka koya mana a digiri na biyu, labarin John Snow ne ya fi zauna mini a rai. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a unguwar Soho ta Landan. Yawancin likitoci suka ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Shi kuwa sai ya bi gidajen mamatan yana tambaya: a ina kuke ɗiban ruwa? Ashe mafi yawansu famfon titin Broad suke sha. Ya kai wa hukuma hujja, aka cire hannun famfon.

Shi ya sa nake ce wa ƙannena ɗalibai, kafin ku zauna gaban kwamfuta, ku je ku yi sallama a ƙofar mutane ku saurare su. Ran wani yana iya rataya a kan tambayarku.