Ciwon kan hunturu: ba kowanne ne maleriya ba

Ƴan uwa ɗalibai, musamman mu da ke zaune cikin gari muna zirga-zirga zuwa makaranta kullum. Hazo ya sauka, jarabawa ta matso, duk wanda ka ce wa "ya karatu?" sai ya dafe goshi. Rubutun nan da ɗan tsawo, amma ku daure, don wani zai iya tsira da kuɗin abincinsa na sati guda.

Ni a Barunde nake, shekara uku ke nan ina hawa acaɓa zuwa Jami'ar Jihar Gombe a Tudun Wada. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in kana da lakcar ƙarfe takwas, to sai ka sha sanyi da ƙura kafin ka isa. Duk shekara ciwo iri ɗaya ke kama ni. Ya fara da mura, bayan kwana uku goshi ya yi nauyi, ƙasan ido ya yi tsami, har haƙoran sama su riƙa zugi. A sallah na fi gane shi: da na yi ruku'u ko sujada sai in ji kamar fuskata za ta zubo ƙasa.

Abokin zamana a ɗaki ya yi irinsa bara. Wani mai kemis ya kalle shi kawai, ba gwaji ba komai, ya ce maleriya ce da taifod, ya haɗa masa magani na kusan rabin kuɗin da aka turo masa daga gida. Ya shanye tas, kai bai daina ba, a haka ya shiga jarabawa. Ni da na ga likita, abin da ya kira min shi ne kumburin sainus.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙasusuwan fuskarmu akwai ramuka masu iska, kashi huɗu, kowanne dama da hagu: a goshi, a kumatu, tsakanin idanu, da can ciki bayan hanci. Suna yin majina, tana fita ta ƴan ƙananan ƙofofi zuwa hanci. In mura ko ƙura ko hayaƙi suka sa wurin ya kumbura, ƙofofin sai su toshe, majina ta taru ta rasa hanya. Wannan matsin ne kake ji, shi ya sa yake ƙaruwa in ka sunkuya.

Yawanci ƙwayar mura ce ke jawo shi, kuma antibayotik ba ya kashe ta. Cikin kwana 7 zuwa 10 yakan lafa da kansa. Abin da ke taimaka min ba shi da tsada. Ina tafasa ruwa rabin lita, in zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya, in bari ya huce, in shaƙa a hanci ɗaya bayan ɗaya in face. Ruwan dole a tafasa shi fa, ba na rijiya ko na ƴan garuwa kai tsaye ba. Ina ɗora tawul mai ɗumi a fuska, in sha ruwa da yawa ko ban ji ƙishi ba, in ɗaga matashi in zan kwanta. Kan acaɓa kuma takunkumi ba ya barin fuskata, ko abokai za su ce har yanzu korona nake tsoro. A ɗaki mun daina kunna maganin sauro mai hayaƙi da taga a rufe, mun koma gidan sauro.

Abu biyu a kiyaye. Maganin ɗigawa a hanci da ke buɗe shi nan take, kada ya wuce kwana 3 zuwa 5, in ba haka ba hancin ya saba, yana sakinka ya toshe fiye da da. Farasitamol ma, wanda ya mayar da shi kamar gyaɗa, yana sha kwana 15 ko fiye a kowane wata, maganin da kansa yana haifar da ciwon kai.

Kuma ba duk ciwon goshi ne sainus ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2004 kan mutum kusan 3,000 da ke cewa sainus ke damunsu ya gano kashi 88 cikin 100 ciwon ɓarin kai ne, wato maigiren. In ciwon yana zuwa da tashin zuciya, haske da ƙara suna damunka, ba mura, ba majina mai kauri, to ka gaya wa likita haka. Maganinsu daban ne.

Yaushe za ka bar dabarar ɗaki? In ya wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ya lafa ya dawo da ƙarfi da zazzaɓi, je kilinik. In ya kai sati 12 yana kai-komo, nemi a tura ka sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Amma in ido ya kumbura, ko kana ganin abu bibbiyu, ko wuya ya sanƙare da zazzaɓi mai zafi, ko mutum ya fara sambatu, wallahi ba a jiran gari ya waye. Muna yankin da sanƙarau ke ɓulla da rani, kuma shi ba ya ba da lokaci.

Wanda ke da ƙani ko ƙanwa a aji ɗaya ya tura musu wannan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu sa'ar jarabawa. Amin.