Fitilar Da Ta San Magariba

Duk wanda ya zaga unguwannin Bauchi da hantsi, daga Wunti zuwa Ƙofar Ran har Yalwa, ba zai rasa ganin ƙwan lantarki yana ci a ƙofar wani gida ko kanti ba, alhali rana ta take. In kuma dare ya yi, sai a tarar da wani lungun duhu ƙirin, ga wuta an kawo, ga ƙwai lafiya lau, mai kunnawa ne kawai ya yi nisa ko barci ya kwashe shi. Zamanin takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi ba wanda ya damu. Yanzu da mita mai kati ta shiga gidaje da yawa, kowace sa'a da ƙwan nan ya ci da rana daga aljihun maigida take fita.

Maganin wannan kuwa bai fi girman akwatin ashana ba, kuma asalinsa ya daɗe. Tun a 1873 wani injiniya a Ingila, Willoughby Smith, ya lura cewa sinadarin seleniyam ya fi barin wuta ta ratsa shi idan haske ya sauka a kansa. Jikan wannan bincike shi ne ɗan abin nan mai kama da maɓallin riga da masu sayar da kayan gyaran rediyo ke kira LDR, wato idon na'urar. Da rana yana buɗe wa wuta hanya, in duhu ya shiga sai ya tsuke ta. Akan haɗa shi da taransista ɗaya, da rizisto mai murɗawa, da rile, wanda makunni ne da maganaɗisu ke ja. Rana na faɗuwa, taransista ta ji canjin, rile ya yi ƙas, fitila ta kama. Gari na wayewa ta mutu da kanta. Da rizisto mai murɗawar nan ake zaɓar irin duhun da ake so, ko na kiran salla, ko sai bayan an idar.

Amma fa a wajen kafawa ake gane gwani. Idan aka ajiye idon inda hasken fitilar zai dawo masa, sai ya zaci gari ya waye ya kashe ta, duhu ya dawo ya sake kunnawa, haka za ta kwana tana ƙifta ido kamar mai ciwon ido, har rile ya gaji. Dole a juya shi ya dubi sama, nesa da ƙwan da fitilun motoci. Sa'an nan ga ƙurar hunturu: in ta lulluɓe shi, sai ya ɗauki la'asar magariba ce. Tsumma mai laushi ya ishe shi. Ɓangaren ido da batir mai bolt 12 yaro ɗan sakandare ma zai iya haɗawa, amma wayar gida mai bolt 230 kisa take yi, a bar wa mai aikin wuta ita.

Abin takaici shi ne garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tun 1979, da jami'ar da aka kafa don fasaha a 1980, wadda yau ke ɗauke da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, bai kamata a ce fitilar ƙofar gida tana jiran hannun mutum ba. Irin wannan haɗi yana cikin abin da ɗaliban lantarki ke fara koya, sai dai yawancinsa a teburin gwaji yake ƙarewa.

Fitilun titi masu aiki da hasken rana da ake gani yanzu wannan dabarar suke bi, sai dai da yawansu ba su da ido na dabam. Farantin da ke tara hasken shi ne idon: da zarar ya daina ba da wuta, na'urar ta san dare ya yi, sai ta juya kan batir.