Wayoyi Biyu da Ɗigon Dalma

Mu malaman kimiyya mun saba ja wa yara kunne kada su kuskura su buɗe cikin na'ura. Alhali kuwa akwai masu sha'awar rediyon oba-oba, masu lasisin hukuma, waɗanda buɗewar ce abin tinƙahonsu.

Shi wannan rediyo don muryar ɗan Adam aka ƙera shi. A cikinsa akwai matata mai barin sauti daga wajen hertz 300 zuwa 3,000 ya wuce, ta zubar da saura, tunda a nan magana take. Da kwamfuta ta zo, sai aka riƙa mayar da rubutu wata ƙara mai kama da kukan gyare, ana cusa ta ta kafar makirufo. Abin yana tafiya, amma da wuya ya wuce bit 1,200 a daƙiƙa. Da an ƙara gudu sai matatar ta daddatse saƙon.

A 1988 wani ɗan Ingila, James Miller, mai lambar kira G3RUH, ya fito da modem mai gudun 9,600, ninki takwas ke nan. Sharaɗinsa shi ne ka kwance murfin rediyonka ka kewaye matatar da wayoyi biyu. Ɗaya ka liƙa ta da dalma a inda saƙo ke fara fitowa, ɗaya kuma a inda ake ɗora shi kan zango. In hannu ya yi rawa, tanadin watanni ya salwanta.

To, saurin na mene ne? Tauraron ɗan Adam irin UoSAT-3, wanda Jami'ar Surrey ta ƙera aka harba a 1990, mintoci kaɗan yake yi a saman gari ya ɓace. Abin da ba ka aika ba kafin nan, sai wani zagayen. Da irin wannan gudu shirin HealthNet ya kai wasiƙun likitocin Afirka tun intanet ba ta iso ba. Mutanen Surrey ɗin ne kuma suka ƙera NigeriaSat-1 na 2003.

A kasuwanninmu akwai masu gyaran rediyon da za su yi wannan liƙi kafin shayinsu ya huce, sai dai ba wanda ya taɓa yi musu bayanin hertz. Mu kuwa masu bayanin, alli kawai gare mu, ɗalibanmu su gama aji shida ba su taɓa jin warin dalma ba.