Katakon balsa a Ingila, totuwar kara a Fagge

Abin da ya tsaya mini a rai game da masu harba ƙaramin jirgi da hannu a nan Ingila shi ne kuɗin katako. Falle guda na balsa, siriri har kana hango hasken fitila ta cikinsa, kuɗinsa ya ishi yaro ya ciko leda da gam da reza da kwali a kasuwar Sabon Gari. Daga Ekwado ake kawo yawancinsa, kuma tun wajen 2019 da masu ƙera fukafukan injin lantarki na iska suka yi masa rubdugu ya ƙara tsada. Mu a Fagge totuwar kara da tsinken tsintsiya muka sani, jirgin gaske yana wucewa ta kanmu zai sauka, muna kwaikwayonsa a kyauta.

Sai dai kuɗin nan ba a banza suke zuba shi ba, kuma nan ne kishi ke kama ni. A zauren wasanni suke taruwa, a rufe ƙofa, a kashe na'urar ɗumama ɗaki, don iska kaɗan tana ɓata tashi. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ta ba wasan suna F1N, ta kasa zauruka kashi huɗu bisa tsayin rufi: ƙasa da mita 8, zuwa 15, zuwa 30, sai abin da ya haura. Rufin ne ke yanke nauyin jirgi. Idan gajere ne, a yi jirgin sakayau, giram kaɗan, da bayan fiffike mai laushi wanda ke miƙewa lokacin jifa ya lanƙwaso idan gudu ya ragu. Idan mai tsawo ne dole a ƙara nauyi, domin sakayau ba ya huda iska, a rabin hanya zai tsaya. Mu da ido muke aunawa, su da sikeli. Hannun yaranmu ya fi nasu, wallahi, amma ba wanda ya taɓa riƙe mana agogo ya auna daɗewar jirgi a sama.

Mai son gwadawa a gida kada ya jira balsa. Farar robar zuba shinkafa ta yi fiffike, tsinke ya yi jiki, ɗan cingam a hanci ya daidaita nauyi. A fara da turawa a hankali daga kafaɗa: in ya ɗaga kai ya faɗo, ƙara cingam, in ya yi nutso, rage. Sannan jifa. Ɗan yatsa manuni a bayan gindin fiffike, mai hannun dama ya karkatar da jirgin dama ya cilla sama, a saita jelar yadda zai juya hagu in ya kai ƙololuwa. A wannan juyin ake asarar tsayi, ba a ƙarfin damtse ba. A ari ƙaramin sikeli wurin masu sayar da gwal, a nemi izinin zauren wasanni na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da sassafe, kafin a kunna fanka.