Kakakin Damagaram a cikin kwamfuta

Kaset-kaset na waƙoƙin Mu'azu Ɗan Alalo da na bushe-bushen fadar Damagaram suna nan jibge a gidajen Birni da Zango, zafi da ƙura na cin su sannu a hankali. Mai son ceto su dole ya juye su cikin kwamfuta, kuma a nan ne yakan gamu da wata ƙaramar manhaja da ake kira direban sauti. Akwai irin direban da ba ya tuƙa kowace na'ura ta zahiri: aikinsa kawai ya karɓi sauti daga wannan manhaja ya miƙa wa waccan, tamkar waya marar jiki. In wanda ya rubuta shi ya yi sake, abin da ya shiga daban, abin da zai fito daban.

Kwamfuta ba ta jin sauti, auna shi take yi. Ƙa'idar faifan CD awo 44,100 ne a daƙiƙa, ta bidiyo kuwa 48,000. Idan aka ɗauki waƙa da ta farko, direba ya karanta ta da ta biyu, sai ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin ɗari, murya ta yi sama, dattijo ya koma saurayi. Ɗas-ɗas ɗin nan mai kama da tartsatsin gawayi yana zuwa ne idan rumbun da sauti ke jira a ciki ya ƙare kafin a zuba wani. Kakaki kuwa, da yake ba ya sassautawa, yakan zarce iyakar lambobin da aka tanadar masa, sai a fille wa sautin kai. Duk waɗannan da sauƙi: mai gyara ya tura sauti guda tsantsa ta cikin direban, ya dubi yadda ya fito.

Wuyar aikin tana wani wurin. Kaushin algaita da zuzar ƙarfen da ake maƙala wa garaya da gangan maƙera da makaɗa suka sa su, amma matatar hayaniya ba ta san haka ba, takan share su tare da shuuu ɗin kaset. Sai a sami algaita mai santsi wadda ba a taɓa busa irinta a ƙofar fada ba. Haka kuma rakodar da batirinta ya yi sanyi ranar ɗauka: zaren bai yi gudun santimita 4.76 a daƙiƙa da aka ƙayyade masa ba, kuma babu inda aka rubuta nawa ya rage. Wanda zai iya cewa muryar Ɗan Alalo ta dawo daidai shi ne tsohon da ya tsaya kusa da shi ranar hawan salla, irinsu kuwa suna ta ƙarewa.

Don haka mai gyaran da ya san abin da yake yi yakan adana kwafin farko yadda ya fito, ba tacewa, sannan ya zaunar da tsohon kusa da lasifika kafin ya taɓa komai.