Jimla ɗaya, layi ɗaya

Wannan na masu rubuta furojet a rukuni ne da LaTeX ko Markdown, suna ajiyewa a Git. Masu Word ku yi haƙuri, yau ba da ku nake ba.

Mu huɗu ne a rukuninmu a nan Potiskum, kowa da babinsa, amma gabatarwa ta kowa ce, kuma a kanta rigima ke tashi. Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, layi yake ganewa, bai san jimla ba. In sakin layinka duk layi ɗaya ne dogo, ka gyara waƙafi ɗaya tak, zai nuna kamar ka sake rubuta sakin gaba ɗaya. In kuma ni na taɓa farkonsa, abokina ya taɓa ƙarshensa, sai cin karo: Git ya tsaya cak, mu zaɓi na wa za a bari. Ga batir na kuka, ga data ta kusa ƙarewa, ga malam na jiran babi da safe. A irin wannan zaɓen gaggawa gyaran wani ke salwanta.

Wasu sai su sa edita ya riƙa karya layi da kansa a harafi na 80. Wallahi ni ban ga amfaninsa a rubutun zube ba. Ka ƙara kalma ɗaya a sama, ka sake jera sakin, duk layukan ƙasa su gusa, diff ya cika da ja da kore. Shi 80 ɗin ma gadon katin IBM ne na 1928 mai gurbi 80.

Abin da muka tsayar: kowace jimla a layinta. Ba sabon abu ba ne, tun 1974 Brian Kernighan ya ba masu Unix wannan shawara. LaTeX da Markdown suna ɗaukar karyar layi ɗaya tamkar tazara tsakanin kalmomi, sai an bar layi fanko sabon saki ke farawa, don haka PDF ɗinku ba zai canja ba ko kaɗan. Cin karo bai ƙare kwata-kwata ba fa, in kun gyara jimloli biyu maƙwabta zai iya faruwa, amma jimla biyu za ku duba, ba saki guda ba.

Jimlar da ta wuce faɗin allo kuma, edita ya naɗe ta a ido kawai, kada ya taɓa fayil. A VS Code danna Alt+Z, ko ka sa editor.wordWrap a kan on. A Vim: set textwidth=0 wrap linebreak.

Tsofaffin babuka, mutum ɗaya ya rarraba jimlolin a commit guda ba tare da ya gyara ko harafi ba, sauran su dakata sai ya tura. Kafin nan, git diff --word-diff zai nuna muku kalmomin da suka canja kaɗai.